Idon Ruwan Masu Jego

Autata ce ta fara kawo maganar zafin ƙarƙashin ƙasa gidanmu. Tana shekararta ta ƙarshe a jami'a can Ngaundare, tana karatun duwatsu da abin da ke cikin ƙasa, sai ta zo mana hutu Garwa a tsakiyar bazara. Wanda ya san Garwa a watan Afirilu ya san ba lokacin da za a yi wa mutum hirar zafi ba ne. Muna zaune gindin darbejiyar tsakar gida bayan la'asar, kowa da mafici a hannu. An ɗauke wuta tun hantsi, ni kuma hankalina yana kan firijina, domin sana'ata sayar da ƙanƙara da zoɓo ce, wanda a nan muke ce wa folere.

Ta ce rubutun kammala karatunta a kan ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa za ta yi shi.

Babanta dillalin shanu ne a kara, mutum ne mai son zolaya. Ya ajiye maficinsa ya ce, "Mu muna nan muna neman inda sanyi yake, ke an tura ki makaranta kin tafi neman zafi?"

Ta yi dariya, ta nuna tukunyar zoɓon da ke kan murhu, murfinta yana rawa. "Baba, me ke ɗaga murfin can?"

"Tururi mana."

"To cikin ƙasa akwai murhun da Allah Ya hura, ba ya neman icce. Inda ruwa ya gangara ya taɓa duwatsun da suka yi zafi, sai ya dawo sama da tururi. A Kenya haƙawa suke yi su tare tururin, ya juya inji, injin ya ba da wutar lantarki. Mu in damina ta gaza ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta ta ragu. Farantin rana kuma in rana ta faɗi ya gama aiki. Wannan ba ruwansa da damina, ba ruwansa da faɗuwar rana."

Ya shafa gemu. Can ya ce ai shi ya san irin ruwan nan. Lokacin ƙuruciyarsa, yana bin shanu da ƙafa daga tudun Adamawa, akwai wani wuri bayan garin Tinyer da makiyaya ke kai garke su sha ruwan kanwa, ruwan da ɗumi yake fitowa. Ta zabura ta ce ai wurin da malaminta ya ba ta ta auna ke nan. Abokan karatunta an raba musu wasu wurare, ita wannan ne rabonta, kuma ita kaɗai za ta je.

Nan aka tsaya. Layya ta matso, babanta ba zai iya barin kara ba. Yayyenta maza kowa na kan aikinsa. Ban san lokacin da na ce ni zan raka ta ba. Duk suka juyo suka dube ni, har da surukata da ke wanke-wanke, don sun san gwiwoyina, kasuwa ma da ƙyar nake zuwa da ƙafa. Na ce ai ba da gwiwa ake zama a mota ba. Na bar wa surukata firiji da masu saye, maigida ya aika wa mai garin saƙo ta hannun wani tsohon abokin fataucinsa, muka kama hanya farkon damina.

Tafiyar kwana biyu ce. Babbar mota ta hau da mu dutsen nan na gab da Ngaundare tana nishi, sanyi ya fara shigowa ta taga har na jawo mayafi na biyu. Daga nan ƙaramar mota mai cunkoso, daga nan kuma moto, wato babur, cikin jar laka, ni a bayan wani, ita a bayan wani da jakar kayan aikinta rungume a ƙirji. Da muka sauka ƙafafuna sun ƙi miƙewa, sai da aka riƙe ni.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, za a ga dalili. Mai garin, wanda suke kira jauro, ya karɓe mu da mutunci, ya sauke mu a gidan yayarsa. Tsohuwa ce siririya, doguwa, ba ta da yawan magana, ita ce ungozomar garin. Kowa Dada yake ce mata, wato uwa da Fillanci, mu ma muka bi sahu.

Washegari jauro da kansa ya kai mu ruwan. Tabki ne ɗan madaidaici a cikin kwari, bakinsa ya yi fari da kanwa, kofaton shanu ya tattake ko'ina, ga wani ɗan wari kamar na ƙwan da ya lalace. Ya ce mutane sun sha zuwa aunawa, har da Turawa tun zamanin babansa, kowa ya zo nan ake kawo shi. 'Yata ta fitar da ma'auninta, wani ƙarfe mai tsini kamar tsinken tsire, da doguwar waya da ɗan akwati mai nuna lamba. Ta tsoma nan, ta tsoma can, ta cika 'yan kwalabe, ta rubuta. Ni ina zaune kan dutse riƙe da lema.

Kwana biyu tana wannan aikin, safe da yamma. Tana da kwafin wani tsohon rahoto da aka rubuta tun kafin a haife ta, kuma duk abin da ta auna daidai yake da abin da ke ciki. Da yammacin rana ta biyu ta zauna bakin ƙofa ta zuba tagumi.

"Ɗumi ne kawai, Inna," ta ce. "Ruwan wankan jariri. Ba wanda zai kashe ƙarfinsa ya haƙa ƙasa saboda wannan. Na zo na maimaita abin da wani ya riga ya rubuta."

Na ce ta yi haƙuri, aiki ba ya ɓata. Amma ni kaina na ji ba daɗi, don na ga yadda ta ɗora rai.

Rana ta uku gwiwoyina suka kumbura suntum, na kasa bin ta. Bayan ta fita Dada ta tsaya kaina ta duba, ta danna da yatsa, ta ce da Fillanci, "Tashi. Ɗauki zane ɗaya ki biyo ni."

Ba hanyar tabki muka bi ba. Ta bayan gari muka zaga, muka ratsa gonar masara, muka shiga wani kurmin gora. Tana gaba da sandarta, ina baya ina ɗingishi. A wani wuri na ga an ɗaura jan ƙyalle a reshe. Ta ce daga nan namiji ba ya wucewa, ko jauro ne. Muka kewaya wasu manyan duwatsu, sai na ga hayaƙi fari yana tashi. Na zaci wuta aka hura. Na duba ban ga icce ba, ban ga toka ba.

Daga tsagar dutse ruwan ke fitowa, yana tsattsafowa cikin wani ɗan gurbi da bai fi bakin turmi ba, sannan ya gangara. A ƙasa mata sun jera duwatsu sun yi kwatami biyu, sun kuma janyo wani siririn rafi mai sanyi da suke sirkawa da shi. Masu jego uku na tarar, kowace da mai yi mata wanka, ana tsoma ganye a ruwan ana fyaɗa musu a baya, suna cije leɓe. Jariransu na kwance kan tabarma a inuwa. Can gefe wata mata ta riƙe kaza yankakkiya ta ƙafa, ta tsoma ta inda ruwan ke malala, ta ɗago, ta shiga figa, gashin yana fita kamar ana tsince auduga.

Na tsaya baki buɗe. Haihuwata bakwai, kuma kowace sai da na yi wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma. Na tuna iccen da maigida ke saye amalanke guda tun cikina na wata takwas, na tuna mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, durƙushe gaban ƙatuwar tukunya tana fifita wuta, idanunta jawur da hayaƙi. Ga wasu mata nan Allah Ya dafa musu nasu tun kafin a haife su.

Dada ta zaunar da ni a kwatami na biyu, ta sirka mini. Zafin ya ratsa ni har ƙashi. Sai da na lumshe ido na ɗan jima sannan tunanin 'yata ya faɗo mini, tana can tana tsoma ƙarfenta a ruwan shanu.

Na ce, "Dada, masu awon nan da suka sha zuwa, sun ga wannan?"

"Maza ne," ta ce. "Maza suka tambaya, maza suka nuna musu."

"To 'yata fa? Ita ai mace ce."

Ta dube ni, fuskarta ta canja. "Ke na kawo, saboda ƙafarki. Ban kawo takarda ba. Abin da kika gani ki bar shi inda kika gan shi."

Na koma gida gwiwa ta yi sauƙi, zuciya ta yi nauyi. Ran nan tuwon ma ban iya ci sosai ba. 'Yata ta hau wani tudu inda ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, ta kira malaminta, ta dawo ta ce ya ce ta tattara abin da ta samu ta komo, za su ga yadda za a yi. Ta fara naɗe kaya. Sau uku ina buɗe baki ina rufewa. Ban saba ɓoye mata abu ba, ita ce abokiyar hirata tun da yayyenta mata suka yi aure. Amma tsohuwar nan ta ba ni masauki, ta ba ni nonon shanunta, ta kai ni inda ba a kai baƙo.

Da la'asar na sami Dada a bayan ɗaki tana kaɗa nono a ƙwarya. Na zauna kusa da ita.

"Jibi za mu tafi," na ce. "Ban gaya mata ba."

"Na sani. Da kin gaya mata da na gani a fuskarta."

"Amanarki ce, ba zan ci ba. Amma na zo roƙo."

Ta ci gaba da kaɗawa. Sai ta ba ni labarin wata fadama da shanunsu ke kiwo tun tana yarinya. Wata rana wasu mutane suka zo da igiya da turaku, suka yi gaisuwa mai kyau, suka ce aunawa kawai za su yi. Shekara ba ta zagayo ba aka kewaye wurin da waya. "Abin da aka auna," ta ce, "ya kama hanyar barin hannunka. In aka sa wa ruwan nan waya, ina masu jegona za su?"

Na ce mata gaskiya ni ban san komai a harkar nan ba, ƙanƙara nake sayarwa. Abin da na sani kawai, yarinyar nan ni na raine ta, kuma ko tana ƙarama in ta fasa abu ita ke zuwa ta faɗa.

Dada ta kwashe man da ya taru, ta dunƙule shi, ta jefa a ruwa. "Kawo ta gobe da hantsi. Ban da jakarta. Ta zo da zane ɗaya kamar kowa."

Da safe na ce mata ta zo mu je wanka. Ta ce ita ba ta da lokacin wanka, tana da kwalaben da za ta liƙa wa suna. Na ce, "Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Tashi." Ta tashi tana gunaguni.

Da muka kewaya duwatsun ta ga tururin, sai ta tsaya cik. Ta dube ni, ta dubi gurbin, ta sake dubana. Ta matsa ta kai ɗan yatsa, ta fizge shi da sauri ta sa a baki. Ba ta ko ambaci ma'auninta ba. Ta gaida matan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaura zanenta, ta shiga kwatami ta zauna. Wannan kawaicin nata ya fi mini duk takardun da ta taɓa kawowa gida.

Mata sun kai goma sha a ranar, don Dada ta aika an kira manya. Bayan an gama wanka ta ce wa 'yata ta faɗi abin da take nema. Fillancin 'yata na birni ne, rabi Faransanci, sai ni ke cike mata gurbi. Ta yi bayanin murhun cikin ƙasa, da tururi, da inji. Ta ce in an haƙa, nesa da idon ruwan ake haƙawa, kuma ruwan da aka ɗebo ana mayar da shi ƙasa.

Dada ta ce, "In kin rubuta, wasu za su zo?"

"Mai yiwuwa."

"Za ki iya hana su sa waya?"

'Yata ta sunkuyar da kai. Ni a raina ina cewa ki ce i mana. Ta ɗago ta ce, "A'a, Dada. Ni ɗaliba ce, ba ni da wannan ƙarfin. Abin da zan iya, ba zan sa alamar wurin nan a taswira ba sai da izininku. Zan rubuta cewa ruwan yana da masu shi, in rubuta aikin da yake muku. Kuma kafin in miƙa wa malamaina, zan dawo in karanta muku. Abin da ba ku yarda da shi ba in cire."

Wata dattijuwa ta ce ita dai ba ta yarda ba, kuma har muka bar garin ba ta canja ba. Dada ta juyo ta dubi 'yata.

"Da kin ce za ki hana su," ta ce, "da na san ƙarya kike. Je ki ɗauko ƙarfenki."

Ban taɓa ganin 'yata ta yi gudu irin na ranar ba. Da jiƙaƙƙen zane ta ratsa gonar masara, matan suna ta dariya. Ta dawo tana haki, ta durƙusa, ta zura tsinken a tsagar dutsen. Muka kewaye ta muna kallon ɗan akwatin. Lambar ta hau, ta wuce ta tabkin shanu, ta ninka ta, ta ƙara kaɗan sannan ta tsaya. Ta goge hannunta a zanena ta rubuta. Ta sake aunawa sau uku.

Ɗaya daga cikin masu jegon, yarinya mai haihuwar fari, ta ce, "To yanzu za mu sami wuta?"

'Yata ta ce ruwan bai kai tafasa ba, amma yana nuna can ƙasa akwai zafin da ya fi haka. Sai an gwada ruwan kwalaben, sai an yi wasu awon, sai an sami masu haƙawa. "Shekaru ne," ta ce. "Ban san ko nawa ba."

"Ni dai ba zan gani ba ke nan," in ji Dada, tana murmushi. Ta nuna jaririn da ke kan tabarma da sandarta. "Wancan ya gani."

Mai figar kazar nan ta ce ita ba wuta ce ta dame ta ba. Masararsu da damina take nuna, ba rana, rabi ruɓewa take yi kafin ta bushe. In zafin nan zai iya busar da masara, ita ya ishe ta. 'Yata ta yi tsai, ta ce wannan ai ba ya bukatar haƙa, bututu ne da ɗaki. Ta buɗe sabon shafi ta rubuta. Daga nan kowa ta fara faɗin nata, har rana ta take tsaka ba mu sani ba. Kwana huɗu muka ƙara a garin.

Bayan wata biyar muka koma, ni da ita, da rani, hanya ta bushe. Ta kwana biyu tana mayar da babin zuwa Fillanci da taimakon wata ƙawarta. Aka shimfiɗa tabarmi a gidan Dada, mata suka cika tsakar gida, jauro ya zauna daga waje bakin zana yana saurare. Ta karanta a hankali. Ba wadda ta tanka sai da ta zo inda ta rubuta cewa a wannan bincike an gano wani idon ruwa da ba a san da shi ba.

Dada ta buga sanda a ƙasa. "Wa bai san da shi ba? Kakata a ciki ta yi jegon uwata."

'Yata ta ji kunya har kunnenta. Ta ciro biro ta soke layin a gabansu, ta rubuta cewa matan garin ne suka nuna mata idon ruwan da suka gada, ta karanta musu. Dada ta ce yanzu ta yi daidai. Suka kuma sa ta cire hoto ɗaya da bayan wata mai jego ya fito a ciki.

Ranar da ta kare rubutun gaban malamanta ina zaune a layin baya, Faransancin ya fi ƙarfina, amma na ga sun daɗe suna yi mata tambayoyi, na ga kuma ba ta daburce ba. Yanzu tana ci gaba da karatun, a kan wannan kwarin dai. Ba a haƙa komai ba tukuna, garin har yau da fitilar hannu suke kwana. Amma bara ta koma da ɗalibai mata biyu, suka ja bututu daga inda ruwan ke malala bayan kwatami, zuwa wani ɗan ɗaki da matan suka gina da kansu, aka jera faranti a ciki. Karon farko masarar ta yi gumi ta ƙi bushewa, sai da suka fasa tagogi biyu a sama. Karo na biyu ta bushe ƙayau. Mai figar kazar ce ke riƙe da mabuɗin ɗakin, ita ce kuma ta hau tudu ta kira ni ta gaya mini, muryarta na yankewa, tana tambaya ko zan zo kaka mai zuwa. Na ce mata in Allah Ya kai mu zan zo, amma a nemo mini mai moton da ba ya gudu.